Lamba Mai Alƙaluma Miliyan 41 da Lissafin Ragowa

Lacca ga ɗalibai, malamai da 'yan kasuwa a Bata, Kano



Shugaban taro, malamaina, iyayena 'yan kasuwa da suka bar shago a hannun yara suka zo, ƙannena ɗalibai maza da mata, da 'yan'uwanmu masu POS da na hango sun jeru kusa da ƙofa don kada ciniki ya wuce su, barkanmu da war haka.

Ranar 12 ga Oktoba, 2024, wata kwamfuta a birnin San Antonio na jihar Teksas a Amurka ta kammala wani dogon lissafi, amsa ta fito sifili. Wannan sifilin shi ya tabbatar da lamba mafi girma da aka sani zuwa yau a cikin lambobin da ba sa rabuwa. Ana rubuta ta a taƙaice kamar haka: 2^136,279,841 − 1. Ma'ana, ka jera 2 har guda 136,279,841, ka ninka su duka da juna, sannan ka cire ɗaya. In aka baje ta, alƙalumanta 41,024,320 ne. Wanda ya zauna karanta ta, alƙaluma biyu a kowane sakan, ba barci ba cin abinci, sai ya kusa cinye wata takwas. In kuwa aka rubuta ta a layi ɗaya, kowane alƙalami ya ci rabin santimita, aka kafa farkonta a nan shataletalen Bata, jelarta sai ta zarce kilomita 200, ta wuce Katsina.

Babu wanda zai karanta ta, kuma babu buƙata. Kafin mu tashi a nan za ku san da me ta ƙare, za ku san ranar makon da za ta faɗa in aka ƙirga ta a kwanaki, za ku kuma ga yadda aka tabbatar ba ta rabuwa alhali ba a gwada raba ta da komai ba. Makamin duka guda ɗaya ne, kuma kowa a ɗakin nan yana da shi: ragowa, abin da ya yi saura bayan an yi rabo.

Alhaji, a ce an sauke maka kwalin taliya 91 a kasuwar Singa, kana son raba wa yaranka daidai wa daida. Mutum biyu, saura ɗaya. Mutum uku, saura ɗaya. Mutum biyar, har yanzu saura ɗaya. Ka fara cewa wannan kaya ba ya rabuwa, sai ka gwada bakwai, kowa ya tashi da sha uku, babu ragowa. To ƙara kwali shida su zama 97. Yanzu kam ko ka kwana kana gwaji, sai dai mutum ɗaya ya kwashe duka, ko mutum 97 kowa ya ɗauki ɗai-ɗai. Irin wannan lamba ita zan riƙa kira gagara-rabo: 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19, 23, haka dai. Duk wata lamba da ba ta cikinsu, daga gare su aka ninko ta, kuma ta hanya ɗaya tak. Turmin atamfa a kasuwar Kwari yadi shida ne, 2 sau 3. Dozin 2 sau 2 sau 3 ne, shi ya sa yake da daɗin kasafi. Naira dubu kuwa 2 sau 2 sau 2 sau 5 sau 5 sau 5 ce. Kasuwa tana son lambobi masu sauƙin kai.

Ba sai ka gwada duk lambobin da ke ƙasa da 97 ba. Da ka gama da 2, 3, 5 da 7 ka gama, domin 11 sau 11 ya riga ya kai 121. Ibn al-Banna na Marrakesh, wanda ya rasu a 1321, ya rubuta wannan ƙa'idar a lokacin da yake bayanin rariyar Eratostinis, tsohuwar dabarar tace lambobi ta wani masani ɗan ƙasar da yau ake kira Libiya, wanda ya riƙe babban ɗakin karatu na Iskandariyya.

Malamaina na zaure sun riga mu sanin wannan fage, da sunayensa na Larabci. Mai rabon gado idan kaso ya ƙi dacewa da kawunan magada, sai ya dubi lambobin biyu ya ga dangantakarsu: tamasuli ne, ko tadahuli, ko tawafuƙi, ko tabayuni. Tabayuni shi ne lambobi biyu da babu abin da ke raba su tare sai ɗaya, kamar 8 da 15. To gagara-rabo ita ce lambar da ke tabayuni da duk wata lamba da ke ƙasa da ita. Ku tuna mas'alar nan da ake koya wa ɗalibai: mutum ya rasu ya bar mata uku, kakanni mata biyu, 'yan'uwa mata huɗu da suka haɗa uwa, da shaƙiƙai mata takwas. Asalin mas'ala 12 ne. Rubu'in matan aure uku, sudusin kakanni biyu, sulusin 'yan uwa ɗaya huɗu, sulusi biyun shaƙiƙai takwas. Jimla 17, ta haura 12, sai a yi auli zuwa 17. Lambar da ba ta rabuwa da komai, amma da yake magadan mata ne su goma sha bakwai cif, kowace ta tashi da kaso ɗaya. Ba mamaki da babban ɓangare na littafin aljabara na al-Khawarizmi, wanda ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820, a kan wasiyya da gado ya tafi.

Tambayar farko da mai hankali zai yi ita ce, waɗannan lambobi suna ƙarewa? Domin suna ƙaranci in aka yi nisa. A ɗarin farko akwai 25. A dubun farko 168. A miliyan na farko 78,498, wato ba su kai takwas cikin ɗari ba. Masanin lissafi Uƙlidis ya ba da amsa a Iskandariyya shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma da ragowa ya ba da ita. A ce wani ya zo da takarda ya ce ga su nan duka, ya rubuce su. Karɓi takardar, ka ninka duk abin da ke ciki, ka ƙara ɗaya. Sabuwar lambar, ko da wacce ka raba ta daga cikin na takardar, saura ɗaya. Ke nan ko dai ita kanta gagara-rabo ce, ko kuwa akwai wata da ke raba ta wadda ba ta cikin takardar. Ɗalibai, a nan ake zamewa a jarrabawa: ba dole sabuwar ta zama gagara-rabo ba. Ninka 2, 3, 5, 7, 11 da 13, ka ƙara ɗaya, za ka sami 30,031, wadda ita 59 ce sau 509. Amma ka ga 59 da 509 ba sa cikin takardar. Saboda haka lambar da muke magana a kanta ba ita ce ta ƙarshe ba. Ita ce dai mafi girma da hannu ya kai gare ta.

Me ya sa take da wannan siffa ta biyu-biyu a cire ɗaya? Mu kafa wani adashi na ganganci. Yau ka zuba naira ɗaya, gobe biyu, jibi huɗu, gata takwas, kullum ninkin jiya. Kwana biyu, an tara 3. Kwana uku, 7. Kwana huɗu, 15. Kwana biyar, 31. Kullum abin da ke cikin asusu shi ne zubin gobe a cire ɗaya. In watan mai kwana 30 ne, uwar adashi za ta riƙe naira 1,073,741,823, wadda ke rabuwa gida uku. In mai kwana 31 ne, 2,147,483,647, kuma wannan gagara-rabo ce. Leonhard Euler ya tabbatar da haka a 1772. Lambarmu ita ce abin da zai taru in aka yi wannan zubi kwana 136,279,841, sama da shekara dubu 373.

Ana kiran wannan dangi da sunan Marin Mersenne, wani limamin Kirista Bafaranshe. Abu biyu aka sani game da su tun da wuri. Na farko, in adadin kwanakin yana rabuwa, to abin da ya taru ma yana rabuwa: kwana shida ya ba da 63, wato 7 sau 9. Don haka sai an fara da kwanakin da su kansu gagara-rabo ne, kuma 136,279,841 haka take. Na biyu, wannan sharaɗi bai isa ba. Sha ɗaya gagara-rabo ce, amma kwana sha ɗaya ya ba da 2,047, wato 23 sau 89. A 1644 Mersenne ya fitar da jerin waɗanda ya ce su kaɗai ke aiki har zuwa 257. Ya saka 67 da 257 bisa kuskure, ya tsallake 61, 89 da 107. Sai da aka shafe kusan shekara ɗari uku kafin a gama gyara masa jerin.

A cikin masu gyaran akwai wanda labarinsa ke burge ni. A 1903, shekarar da Turawa suka ci Kano, wani malamin jami'a mai suna Frank Nelson Cole ya tashi a taron masana lissafi a New York. Kamar yadda ake ba da labarin, bai ce uffan ba. Ya ɗauki alli ya lissafa 2^67 − 1 a gefe ɗaya na allo, ya koma ɗaya gefen ya ninka 193,707,721 da 761,838,257,287, amsoshin biyu suka zo ɗaya, ya koma ya zauna. Ku riƙe wannan: duba aikin Cole awa ɗaya ya isa, amma gano lambobin biyu shekaru ya ci masa. Za mu dawo kan wannan bambanci, domin a kansa kuɗinku ke kwana.

Yanzu mu taɓa lambar da kanmu. Masu hisabi a ƙasar nan suna mai da haruffan suna lambobi da abajada, su tara, sannan su yi ta zubar da tara-tara ko sha biyu-sha biyu har su ga abin da ya rage. Hukuncin abin da ake yi da amsar na malamai ne, ga su nan zaune, ba zan shiga gonarsu ba. Lissafin kansa dai ingantacce ne, shi ne Carl Friedrich Gauss ya tsara a littafinsa na 1801 ya zama ginshiƙin wannan fanni. Kuma wasa da lambobi a wannan mataki ba baƙo ba ne a wurinmu. Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Katsinawi ya bar Katsina ya tafi aikin hajji, ya rubuta littafi a 1732 kan yadda ake gina hatimi mai gidaje mara, uku-uku, biyar-biyar, bakwai-bakwai, ta yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya. Ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Ga wani hatimi da aka gina da gagara-rabo zalla, ku kwafa ku gwada a gida: layin sama 17, 89, 71, na tsakiya 113, 59, 5, na ƙasa 47, 29, 101. A tsaye, a kwance, a karkace, 177.

Da me lambarmu ta ƙare? Dubi ninkin biyu: 2, 4, 8, 16, 32, 64, 128, 256. Ƙarshensu 2, 4, 8, 6, sai ya sake 2, 4, 8, 6. Zagaye ne mai tashoshi huɗu. Zubar da huɗu-huɗu daga 136,279,841, saura ɗaya, wato mun sauka a tashar farko, 2. Cire ɗaya. Lambar ta ƙare da 1. Wanda ya bi wannan hanya da ɗan haƙuri zai ga ukun ƙarshe 551 ne. Ta wata hanyar daban ana gane cewa ta fara da 8816.

In aka ƙirga kwanaki adadin wannan lamba daga ranar Juma'a, wace rana za a sauka? Mako kwana bakwai ne, don haka ragowar bakwai muke nema. Biyu, saura 2. Huɗu, saura 4. Takwas, saura 1. Sha shida, saura 2, an koma farko. Tashoshi uku ke nan. Don sanin ragowar uku, tara alƙaluman 136,279,841, za ka sami 41. Zubar da uku-uku, saura biyu. Tasha ta biyu ita ce 4, cire ɗaya, 3. Asabar, Lahadi, Litinin. Ranar Litinin ce. Rana da wata da duniyar kanta ba za su kai wannan lokaci ba, amma mun san Litinin ce, kuma mun sani a cikin minti ɗaya ba tare da kwamfuta ba. In mai hisabi ya zubar da tara-tara daga cikinta zai rage da 4. In sha biyu-sha biyu, 7. A wurin kwamfuta kuwa, wadda ba ta san komai ba sai 0 da 1, wannan lamba ita ce mafi sauƙin rubutu: 7 ita ce 111, 31 ita ce 11111, tamu kuma 1 ce guda 136,279,841 a jere, babu sifili ko ɗaya.

Saura babbar tambaya. Ta yaya aka san ba ta rabuwa? Gwaji ɗaya bayan ɗaya irin na kwalin taliya ba zai yiwu ba. Akwai ɗan sauƙi: duk abin da zai raba irin wannan lamba sai ya zama ninkin kwanakin sau biyu, ko sau huɗu, ko sau shida, haka dai, da ƙarin ɗaya. Dubi 2,047: 23 ita ce 11 sau 2 da ɗaya, 89 ita ce 11 sau 8 da ɗaya. Ke nan a tamu babu abin dubawa ƙasa da 272,559,683. Duk da wannan rangwame, abin da ya rage a gwada lamba ce mai alƙaluma sama da miliyan ashirin. Ko duk kwamfutocin duniya sun taru, ba su ma fara ba.

Mafita ta zo daga Édouard Lucas, malamin makaranta a Faransa, wanda a 1876 ya tabbatar da hannu cewa 2^127 − 1, mai alƙaluma 39, gagara-rabo ce. Har yau babu wanda ya wuce shi da takarda da alƙalami. Derrick Lehmer na Amurka ya gyara hanyar a 1930. Mu gwada ta da 31, ta kwana biyar. Fara da 4. Ninka ta da kanta, cire biyu: 14. Sake: 14 sau 14, 196, cire biyu, 194, zubar da 31-31, saura 8. Sake: 8 sau 8, 64, cire biyu, 62, zubar da 31-31, saura sifili. Ana yin matakin ne adadin kwanaki a cire biyu, a nan sau uku. In aka ƙare a sifili, gagara-rabo ce. In ba a ƙare a sifili ba, tana rabuwa. Babu ta uku. Abin mamakin shi ne gwajin zai ce maka lamba tana rabuwa ba tare da ya faɗa maka abin da ke raba ta ba. Lucas ya san 2^67 − 1 tana rabuwa shekaru 27 kafin Cole ya hau allo.

Wannan aikin da muka yi yanzu shi kwamfutar San Antonio ta yi, sau 136,279,839, kowane mataki da lamba mai alƙaluma miliyoyi. Kwana ɗaya kafin nan wata kwamfuta a Dublin ta ƙasar Ailan ta riga ta ɗaga hannu da wani gwaji mai sauri da ya samo asali daga Pierre de Fermat a 1640: in lamba gagara-rabo ce, ka jera 3 adadinta a cire ɗaya, ka ninka, ka raba da ita, ragowa ɗaya ce. Ga 7: uku guda shida sun ba da 729, wato 7 sau 104 da ragowar ɗaya. Sai dai wannan gwajin yana da 'yan sojan gona. Kwalin taliyar Alhaji, 91, yana cin wannan jarrabawa sarai, domin 729 ɗin nan 91 ce sau 8 da ragowar ɗaya, alhali mun ga bakwai na raba shi. Shi ya sa ba a yi shela ba sai da gwajin Lucas da Lehmer ya sa hannu.

Mutumin da ya yi wannan farauta sunansa Luke Durant, tsohon ma'aikacin kamfanin NVIDIA, mazaunin San Jose a Kalifoniya. Ya shiga wani aikin gayya na intanet mai suna GIMPS, wanda George Woltman ya kafa a 1996, inda kowa ke ba da aron kwamfutarsa. Shi sai ya yi hayar dubban na'urorin GPU a ƙasashe 17. Wadda ya samo ita ce ta 52 da aka sani a dangin Mersenne, ta kuma zarce wadda Patrick Laroche ya samo a Disamban 2018 da alƙaluma sama da miliyan 16. Jaridu sun ruwaito ya kashe kusan dala miliyan biyu. Ladan da aikin gayyar ke bayarwa dala 3,000 ne. Na ga 'yan canjin Wapa suna girgiza kai, kuma da gaskiyarku, a ma'aunin canji wannan karyewa ce. Akwai dala 150,000 da wata ƙungiya a Amurka ta ajiye wa wanda ya fara kawo mai alƙaluma miliyan ɗari, amma ko ita ba za ta mai da uwar kuɗi ba.

Abin da aka samu ba kuɗi ba ne. Kowace sabuwar lambar Mersenne tana zuwa da 'yar rakiya. Dubi 6: abubuwan da ke raba ta 1, 2, 3, in ka tara su 6 ne. Dubi 28: 1, 2, 4, 7, 14, jimla 28. Waɗannan su ne kammalallun lambobi, na gaba 496, sai 8,128. Uƙlidis ya nuna cewa in ka ɗauki gagara-rabon Mersenne ka ninka ta da zubin ranar ƙarshe na adashinmu, kammalalliya za ta fito: 3 sau 2, 7 sau 4, 31 sau 16. Ibn al-Haisam ya yi aiki a kan juyin maganar, Euler ya ƙarasa: duk kammalalliyar da biyu ke rabawa ta wannan hanya take fitowa. Saboda haka Durant ya ba mu kammalalliya ta 52, mai alƙaluma sama da miliyan 82. Ko akwai kammalalliya mara, wadda biyu ba ta rabawa? Shekara dubu biyu ana nema, ba a samu ba, ba a kuma tabbatar babu ba. Ko lambobin Mersenne gagara-rabo suna ƙarewa? Ita ma tana nan a buɗe. Waɗannan tambayoyi ba sa buƙatar dala ko janareta, kai suke buƙata, kuma ban ga dalilin da zai hana yaron da ya fito daga Dawakin Tofa ko Dawakin Kudu zama a kansu ba.

Farautar tana da wani amfani na gefe. A 1994 Thomas Nicely, malamin lissafi a Amurka, yana bin tagwayen gagara-rabo irin 11 da 13, sai ya ga amsoshinsa na karkacewa. Ashe ƙwaƙwalwar Pentium ta kamfanin Intel ce ke kuskuren rabawa. Musayar ta ci wa kamfanin dala miliyan 475.

To, masu POS, ga naku. Za ku ji ana cewa da irin wannan ƙatuwar lamba ake tsare kuɗin banki. Ba haka ba ne. Lambar da duniya duka ta sani ba ta zama mabuɗi. Ƙannenta ne ke wannan aiki, masu alƙaluma ɗari uku da 'yan kai, waɗanda kwamfuta ke tsinta a ɓoye cikin ƙiftawar ido, domin a wannan girma kusan ɗaya cikin kowace ɗari bakwai gagara-rabo ce. A 1977 Rivest, Shamir da Adleman suka fito da tsarin da ake kira RSA. Ka ɗauki gagara-rabo biyu ka ninka su, ka ba duniya amsar, ka ɓoye biyun. Dama fura da nono ba wuya, a ce ka mai da kowanne ƙwaryarsa ne aiki. Wahalar Cole ce aka mayar kwaɗo.

Mu yi na wasa. Lambobin sirri 3 da 11, na fili 33. Saƙona shi ne 5. Na jera 5 guda uku na ninka, 125, na zubar da 33-33, saura 26. Ita zan aika, kowa ya gani. Mai mabuɗi ya san 3 da 11, sai ya rage ɗaya daga kowacce ya ninka, 2 sau 10, ashirin. Ya nemi lambar da in ya ninka ta da uku zai sami ragowar ɗaya a kan ashirin: bakwai, domin 21. Ya jera 26 guda bakwai ya ninka, 8,031,810,176, ya zubar da 33-33, saura 5. Saƙo ya dawo. Wanda bai iya fasa 33 zuwa 3 da 11 ba, ba zai sami bakwai ɗin ba. A na gaske, maimakon 33 lamba ce mai alƙaluma 617. Mafi girma irinta da aka fasa a bainar jama'a mai alƙaluma 250 ce, a Fabrairun 2020, kuma aikin ya ci abin da ƙwaƙwalwar kwamfuta ɗaya za ta yi shekara 2,700 tana yi.

Ɗan ƙarfen nan mai ruwan zinariya da ke jikin katin ATM yana ɗauke da sa hannun banki da aka yi da RSA, na'urarka ta duba shi kafin ta yarda katin na gaske ne. Saƙon WhatsApp da ɗan Kwari ke tura wa abokin cinikinsa a Guwanzu ko Dubai da wata gagara-rabo ake kulle shi, 2^255 − 19, mai alƙaluma 77, ta wata hanya daban amma duk a kan ragowa. Duk wanda ya tsaya ƙarƙashin lema a gindin gadar nan ya ce a cire masa dubu biyar, ya sa an yi lissafin da Lucas zai shekara yana yi.

Shi ya sa nake jin takaici in na ji an ce an yi wa wani kutse an kwashe masa kuɗi. Galibi babu wanda ya fasa komai. Kira aka yi, murya mai ladabi ta ce daga banki ne, za a rufe asusunka in ba ka karanto lambar da aka turo maka yanzu ba. Ko kuwa an ba yaro kati da lambar sirri a rubuce a bayan takarda an aike shi. Ɓarawon bai san Fermat ba, bai kuma buƙaci saninsa ba. Barazanar gaske ga lissafin kansa daga wani wuri take: a 1994 Peter Shor ya nuna cewa wata irin kwamfuta ta daban, ta kwantam, in an gina babba, za ta fasa waɗannan lambobi cikin sauƙi. Ba a kai ga gina mai wannan ƙarfi ba tukuna, amma a Agustan 2024 hukumar ma'aunai ta Amurka ta fitar da sabbin tsare-tsaren kulle da ba su dogara da wahalar fasa lamba ba. Bankunanmu ma sai sun sauya, kuma za su nemi waɗanda suka fahimci abin daga tushe. Ko dai a samu a cikin ɗaliban da ke zaune a nan, ko a ɗauko daga waje a biya da dala.

Ɗalibai, ga aikin gida. Ku gwada 127 da hanyar Lucas da Lehmer, mataki biyar. Na ukun ya kamata ya ba ku 42. Sannan 2,047, mataki tara. In ba ku yi kuskure ba za ku ƙare a 1,736, ba sifili ba. Wanda ya gama ya gwada 8,191, ta kwana sha uku, ya kai wa malaminsa na lissafi amsar.

Shugaban taro, na ga ana nuna mini agogo, kuma la'asar ta gabato. In akwai tambaya, bismillah. Wassalamu alaikum.